Aljihun Yaya Bashiru

Kun san Yaya Bashiru, ɗan wan babana. Ba ya tambayar abu sau biyu. Ya tambaya sau ɗaya, ya dafa aljihun jallabiyarsa kamar ya ajiye amsar, kalas, shi ke nan.

Ni ban yi makaranta ba, noma na sani. Shi kwamfuta ya karanta. Kullum yana ƙarƙashin dalbejiya a bakin tur'a, magudanar da ruwan ban-ruwa ke wucewa a hankali, yana rubuta wa mutanen nesa abin da ke buɗe tagogi a fuskar na'ura. Wata rana na ce, "Yaya, mi kake yi haka?"

Ya ce, "Sale, komai na taga suna gare shi. Amma babbar na'urar, uwar tagogin, lamba take ji. Sai ka aika mata suna, ka zauna jiran lambarsa. Tafiya ce da dawowa. Mai hankali sau ɗaya yake tambaya, ya ajiye."

Na ce, "Kamar nimrar hawasha, lambar gona?"

Ya ce, "Ya zol, mutumina, ka gama jami'a!"

Da a na'ura ya bar abin, da sauƙi. Sau ɗaya ya tambayi matarsa Hajara abin da take so daga kasuwar Sinnar. Ta ce busasshen kifi. Shekara goma sha ɗaya yana kawo busasshen kifi! Ranar da ta gaji ta ce, "Malam, ciki gare ni lokacin!"

Ya ce, "To ba ki aiko da sanarwar canji ba."

Motar garin Dinder kuwa, an ce masa Talata take tashi. Direba ya mai da tashi ran Laraba. Ran Talata Yaya ya wuni a bakin hanya yana kallon balbelu suna sauka a gonar auduga, ya dawo da yamma yana murmushi. Na ce, "Ina Dinder?" Ya ce, "Motar ce ta yi kuskure."

Sai yaƙi ya watsa mu. Ba zan faɗi abin da na gani ba. Da muka dawo, ciyawa ta cinye iyakoki, takarduna sun ƙone. Maƙwabcina Hamidu ya ce rabin hawashata tasa ce. Da ita kaɗai nake ciyar da gida. Dattawa suka taru, suka nemi shaida.

Lokacin Yaya ba shi da lafiya, a kan gado aka ɗauko shi. Ya dafa aljihu. "Nimra bakwai, hawasha ta huɗu daga bakin ruwa. Akwai turken ƙarfe taku uku gabas da tsamiya. Na tambayi baban Sale ranar kaciyar yaron."

Aka tona. Ga turke. Hamidu ya ce, "La ilaha! Mutumin kifi!"

A hanyar gida na ce, "Yaya, komai ya canja."

Yana kallon sama ya ce, "In aka kashe na'ura aka kunna, lambobi sukan watse, dole a sake tambaya. Amma akwai 'yan sunaye na farko, an kafa su tun asali, ba sa motsi." Ya dafa aljihu. "Kana ciki."

Bai kai girbin dawa ba. Ni na naɗe jallabiyar. Na sa hannu a aljihun, babu komai.

Allah Ya jiƙanka, Yaya. Allah Ya sa tambayar kabari ta zo maka sau ɗaya, amsarta tana ajiye.