Takalma a Ƙofar 'Yan Wutsiya

Babana, Malam Datti, yana saurayi aka haƙa kanal ɗin ban ruwa da ya ratsa Ɗorawar Kwari, ƙauyenmu da ke tsakanin Kura da Bunkure. Da aka sake rabon gonaki, tasa ta faɗo can ƙarshe, inda ruwa ke isowa a gajiye bayan kowa ya sha ya ƙoshi. Mu ake ce wa 'yan wutsiya. Akwai 'yan kai, akwai 'yan tsakiya, sai mu. Albasa yake nomawa da rani, da ita ya ciyar da mu, da ita ya aurar da mu.

A farkon zuwan ruwan kullum sai an yi faɗa. Wani ya toshe hanyar ruwa, wani ya zo ya fasa, a zare fartanya, a kwashi mutum jina-jina. Da abin ya ishi dattawa sai suka ce a gina ɗakin taro, a riƙa raba kwanakin ban ruwa a zaune. Aikin gayya aka yi. Baba na cikin samarin da suka cuɗa ƙasa da ƙafa, suka yi ta jifan tubali sama, magina na cafewa.

Ginin zagayayye ne, da gangan, don kada a sami gaba da baya. Bangon mai kauri, ko ana tsakiyar zafi in ka shiga sai ka ji kamar ka leƙa randa. Bakuna suka tashi daga bango suka haɗu a tsakiyar rufi, aka jera azara a kansu, ba ginshiƙi ko ɗaya da wani zai jingina ya zama sarki. Ƙofa uku aka yi, faɗinsu ɗaya: ta 'yan kai, ta 'yan tsakiya, ta 'yan wutsiya. Kowa ya zo sai ya tuɓe takalminsa a bakin ƙofarsu ya shiga ya zauna a tabarma. Dokar kuwa ɗaya ce, ba a rubuce take ba amma kowa ya san ta: in aka leƙa aka ga wata ƙofa ba takalma, ba a yanke maganar ruwa ranar. Sai a tashi, a bi mutane gida a ji abin da ya ɓata musu rai.

Baba bai taɓa fashin taro ba. Ba shi da yawan magana a gida, amma a ɗakin nan ya iya kafewa. Ya sha gaya mana cewa takalmin ɗan wutsiya ya fi bakinsa ƙarfi. Mukan yi masa dariya, don nasa takalmin na roba ne, duk faci.

Sai aka zaɓi Alhaji Taufiq, mai injin shinkafa, shugaban ƙungiyar manoma. Gonakinsa duk a kai suke. Ya ce ɗakin taronmu abin kunya ne, baƙi na zuwa suna ganinmu a ƙasa kamar kaji. Aka kawo 'yan kwangila. Suka sauke bakuna da azarar da ba ta taɓa yoyo ba, suka ɗora kwano mai dafa mutum da ransa. Suka shimfiɗa tayil, suka gina dandamali, suka jera kujerun roba. Ƙofa biyu kuwa aka toshe da bulo, aka shafe da fenti, aka bar ta 'yan kai aka faɗaɗa ta. Har yau in na wuce wurin sai raina ya ɓaci. Wa ya tambaye mu? Wa ya ce musu zaman tabarma ciwo ne?

Ranar taron farko bayan gyaran, Baba ya je inda ƙofarmu take da, ya tuɓe takalminsa ya ajiye a gindin bango, ya zagayo ƙafa ba takalmi. Mutanenmu suka yi yadda ya yi. Kafin su shiga, 'yan kai sun cike kujerun gaba, kowa da takalminsa a ƙafa. Aka tura mutanenmu baya. Baba ya ɗaga hannu har ya gaji, lasifika ba ta iso gare shi ba. Da aka tashi ya tari shugaba.

"Alhaji, ina ƙofarmu?"

"Haba Baba Datti, ai yanzu an zama ɗaya. Ƙofa ɗaya, gari ɗaya."

Ya faɗa yana murmushi, yana duban ƙafar tsohon.

Taro na gaba shi ne na rabon ruwan rani, albasa kuwa ta fara sa kai, lokacin da ba ta jure ƙishirwa. Baba ya bi 'yan wutsiya gida-gida ya ce kada kowa ya je. Na ce masa, "Baba, mutanen nan fa ba sa duba takalmi." Ya ce, "Surayya, ƙofa suka toshe, ba doka ba. Za su leƙa su ga wayam, su biyo mu." Ya sa aka share ƙofar gida, aka shimfiɗa tabarma, ya ce a dama kunu saboda baƙi. Ya sa farar rigarsa ya zauna.

Ba wanda ya zo. Kunu ya huce, aka ba awaki. Washegari muka ji an yi taro lafiya, an ma yaba da yadda aka gama da wuri. An ƙara wa 'yan kai kwanaki saboda shinkafa, an ce wutsiya ta jira abin da ya rage. Ba abin da ya rage. Ina gani fangalin Baba ya tsage, ganyen albasa ya kwanta ya yi fari. Na maƙwabta ma haka. Abin da ya fi ƙona min rai, mutanen da suka bi shawararsa su ne suka daina gaishe shi a masallaci. Alhaji kuwa har yanzu ana durƙusa masa.

Abin ya kwantar da Baba kwanaki. Da ya ji ƙarfin fita, ya ce in raka shi ɗakin taro. Na ɗauka faɗa zai yi, wallahi na so ya yi. Muka zagaya ta baya. A daidai ƙofarmu, inda takalman 'yan wutsiya ke taruwa tun kafin a haife ni, an yi ɗan lambu an dasa furanni. An saki mesa a ciki, ba kowa a wurin, ruwa ya cika ya malalo har kan hanya.

Baba ya tsaya yana kallo, ruwan na jiƙa masa takalmi. Bai tuɓe ba. Ya sunkuya ya lanƙwasa bakin mesar, ya riƙe ta da hannu, yana waige-waige ko zai ga wanda zai kashe famfon.