Langar Fatimatuzzahra

"Wai Sista Lois ce kuma ke duti ranar Sallah?" wata ma'aikaciyar asibiti ta tambayi abokiyar aikinta.

"Ita ce mana. Ai ba Sallarsu ba ce."

"To langar nan da ta ajiye a kan tebur fa? Na ɗaga murfin, wayam."

"Ke dai da karambani. Mayar da shi kafin ta shigo."

Lois Ɗanboyi 'yar Tafawa Ɓalewa ce, aikin jinya ya kawo ta Azare tun tana budurwa. A ɗakin mata na asibiti ta haɗu da Fatimatuzzahra, ita ma nas, haifaffiyar garin. Suka raba: Lois ta riƙe aiki ranar Sallah, Fatimatuzzahra ta riƙe ranar Kirsimeti.

Kowace Babbar Sallah, ana saukowa daga idi, langa mai jan fure za ta iso wa Lois, waina da miyar taushe. Ba a mayar da kwanon mutane wayam, don haka langar kan zauna wurinta har Disamba, sannan ta koma cike da shinkafa da kaza.

"Kwanon nan ya fi zama gidanki," in ji Fatimatuzzahra. "Ki kai shi coci a sa masa suna ki huta."

Wata Babbar Sallah langar ta iso da ɗuminta. Da la'asar aka shigo da mai ita a keke napep, ta yanke jiki ta faɗi tana tsakiyar suya. Lois ce ta sa mata ruwa. Ita ce kuma ta rufe mata ido. Wainar na kan tebur, ko taɓa ta ba a yi ba.

Da Disamba ta zo Lois ta dafa, ta zuba, ta je har ƙofar gidan, ta kasa sallama. In ta miƙa langar, wa zai sake aiko da ita? Ta juya. Tun daga nan kowace Sallah take zuwa da ita aiki. Ta ce da zarar masu idi sun fara wucewa, sai murfin ya yi ƙaras sau ɗaya, alhali ba wanda ya taɓa. Wani lokacin har ƙamshin taushe take ji.

Bana Khaulat, 'yar marigayiyar, ta shigo gaida wata mai jego, da goyo a bayanta. Ta tsaya cak a gaban teburin.

"Anti, wannan ba ta Umma ba ce? Mun neme ta har mun gaji."

Lois ta jawo langar gabanta. Ta buɗe kularta, ta juye gwaten accar da ta kawo don kanta a cikin langar, ta rufe. Ta miƙa, amma hannunta bai saki ba.

"Ki tafi da ita, 'yata," ta ce. "Amma don Allah baɗi ki aiko mini da ita, ko da ruwa ne a ciki."