Takun Inna a Jikin Ƙarfe

Yaƙi ne ya maido ni Gadarif daga Khartum, da takardar digirin injinan noma a jaka, ba aikin yi. Na tarar Inna ta rasu da wata biyu, Baba kuma shanyewar ɓarin jiki ta zaunar da shi. A bayan gida tsohuwar taraktarsa na nan ƙarƙashin rumfa, wadda mu a nan muke kira babur.

Ba irin manyan da ke aiki a filayen Doka ba ce, masu watsa iri ba layi. Tayoyinta na gaba biyu a manne suke kamar ɗaya, cikinta a ɗage, don ta bi tsakanin layukan shuka ba ta taka komai ba. Tayoyin baya kuwa ana iya matso su ko a ware su a kan dogon ƙarfen da suke zaune. Ina jin daga gonakin audugar wajen Mafaza Baba ya sayo ta, kafin a haife ni, amma ban tabbata ba. Maƙwabta na ce mata akuya mai ƙafa uku.

Wata rana Baba ya kira ni yadda ake kiran injiniya a nan, ya ce, “Bashmuhandis, duk karatun nan, ba za ka iya tada akuyar nan ba? Ina so in ga ta shiga dawata sau ɗaya kafin in tafi.”

Na ce zan gwada, amma ban yi alkawari ba.

Rani guda na yi a kanta. Kowane kusa na cire sai na rubuta inda ya fito, don tsoron kuskure. Da na zo kan ƙarfen baya, na ga wasu tsagogi ƙanana a jere, shida ko bakwai a kowane gefe. A jami'a an koya mana cewa daga irin wannan tsaga ƙarfe ke fara karyewa. Na kwana biyu ina shawara da kaina, sannan na goge su tas da magagari, na shafa fenti. Ban tambayi Baba ba. Wataƙila na so in ba shi mamaki ne, wataƙila kuma na ɗauka na fi shi sani.

Ranar da ta tashi, ni da ƙanwata muka ɗauko shi a kujera. Ya saurari injin, ya yi murmushi da rabin bakinsa. Sai ya ce a matsa da shi, ya sa hannunsa mai lafiya yana shafa ƙarfen, daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Ya sake shafawa.

“Ina takun uwarku?”

Ban gane ba. Ƙanwata ce ta bayyana mini daga baya. Gonarmu da sungumi ake shuka ta, layi-layi, yadda kakanni suka zo da shi daga yamma. Inna ce ke auna tsakanin layi da layi da takunta a bakin gona, Baba kuma ya daidaita tayoyin da taku biyu nata, ya tsaga alama a jikin ƙarfen. Da gwiwarta ta fara ciwo takun ya rage, sai ya matso da tayoyin, ya yi sabuwa. Ta can waje ta shekarar farko ce, ta ciki ta daminarta ta ƙarshe.

Na ce, “Baba, ban sani ba. Ƙila suna nan ƙarƙashin fentin.”

“Ka yi aiki mai kyau, bashmuhandis. Ku maida ni ciki, rana ta yi.”

Na kankare fentin washegari. Babu komai, na goge sosai.

Da damina ta faɗi, ƙanwata ta auna layukan da takunta, na daidaita tayoyin, na yi noman fari ba tare da na taka ko tsiro ɗaya ba. Na dawo na ce mu kai shi ya gani. Ya ce gobe. Haka ya riƙa cewa har dawa ta fi ƙarfin shigar babur, ni kuma ban iya matsa masa ba.