Tafiyata Duwala Bin Sawun Ƙarafan Rufi

Litinin

Na bar gida a Yawunde da ƙarfe biyar saura kwata na asuba. Ni mai walda ne, maigidana kuma ya aike ni Duwala in gano abin da ya riƙe ƙarafan rufin sito da muke jira wata biyu. In damina ta yi ƙarfi babu rufi, za a sallami mutum goma sha ɗaya, har da ni.

Jirgin ƙasa na ƙarfe shida bai motsa ba sai bakwai da rabi. Tafiyar kilomita ɗari uku da 'yan kai ce, amma a tashar Eseka kaɗai muka yi awa biyu, ba wanda ya ce mana ga dalili. Na sayi rogo da kifi na faran goma sha biyar. A Edeya jandarma ya juya takardata sama da ƙasa, ya tambaye ni me ɗan Arewa ya sani game da ƙarfe. Na nuna masa tabon wuta a hannuna, ya wuce.

Bayan magariba na isa unguwar Nubel a Duwala, gidan Kawu Ɗanjuma mai sayar da goro. Ruwa har ƙauri a lungunsu.

Talata

Ƙarfe bakwai ina masana'antar da ke haɗa mana ƙarafan, kusa da tashar jiragen ruwa. A nan na fara ganin sabon injin waldarsu. Yana tafiya da kansa a kan dogo, yana tura waya, yana zuba wani gari da ke binne wutar, ko walƙiya ba ka gani. Aikinsa waldar kusurwa, inda ƙarfe biyu suka haɗu kamar bango da ƙasa. Sai dai in an ɓamɓare ɓawon da garin ya bari a kai, waldar duk huji ce kamar gidan zuma. A goge, a sake.

Shef ɗin wurin, wato shugaban aiki, wani Bature mai jan wuya, magani ɗaya ya sani: a ƙara gudu. Aka ƙara, hujin ya ƙaru, shef ya zagi kowa da Faransanci.

Mai kula da injin, Malam Sale, Bahaushen Nubel ne. Ya damƙi garin ya sa mini a tafi. Ya dunƙule kamar tuwo.

"Danshin Duwala ya sha, ƙanena," ya ce. "Wata guda ina faɗa. Shef ya ce kayan Faransa ba sa jiƙa."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Mutum goma sha ɗaya na zaman zullumi saboda wannan!

Laraba

Na roƙi Inna Hajara, matar Kawu, aron babban kaskon da take suyar gyaɗa. Ta ce in dawo mata da shi kafin la'asar. Lokacin da shef ya tafi cin abincin rana muka hura gawayi, muka soya garin har ya riƙa zuba kamar yashi. Malam Sale ya sa aka kankare tsatsa, aka kishingiɗar da ƙarfen yadda kusurwar ta koma kwari, narkakken ƙarfe ya kwanta daidai. Bi ɗaya injin ya yi a kai maimakon biyun da ya saba. Ɓawon ya ɗago da kansa, waldar sumul.

Shef ya dawo, ya shafa waldar. Sannan ya ce in shaida wa maigidana cewa shi ne ya gano sabuwar dabara, ƙarafa za su iso cikin kwana goma. Malam Sale ya taka mini ƙafa, na haɗiye maganata.

Alhamis

Na kamo jirgin safe, na shiga gida ƙarfe takwas da kwata na dare, jikina duk toka. Ƙarafan sun iso a kwana na tara, ba a sallami kowa ba. Na gode wa Allah, na gode wa Kawu da Malam Sale. Inna Hajara kuwa gafararta nake nema, domin shef ya hana a fita da kaskon, ya sa an buga masa lamba, wai kayan aikin kamfani ne.