Salgar da Kaka Ta Nuna Mini

Ruwan farko in ya sauka, kowa na yabon ƙamshin ƙasa, ni kuwa gabana ne ke faɗuwa. Wani tsami-tsami nake shinshinowa a ƙarƙashin ƙamshin, irin na bayan gidanmu a ƙauyenmu na ƙasar Kebbe.

A gidan, salga in ta cika ba a kwashe ta. Itace ake jerawa a bakinta, a shimfiɗa tsohuwar tabarma, a bi da ƙasa, sai a haƙa wata. Shekaru na tafiya, gara ta cinye itacen, sama lafiya lau, ƙasa kuwa rami na nan baki buɗe. Kakarmu ce kaɗai ta riƙe lissafin wurarensu a ka. In ta hana mu taka wani wuri, mu yara mukan ɗauka daga aljanu take tsare mu, har wata marka da maraƙin babanmu ya taka gefen rumbu, ƙasa ta haɗiye shi zuwa wuya. Har yau ina jin kukansa. Da igiya aka jawo shi, ƙafa a karye, aka yanka.

Da yammacin nan kaka ta kama hannuna, ta kai ni tsakanin kurna da turken jaki.

"Wagga ta hi su duka zurhi," in ji ta. "Tun ban zo gidan ga ba anka ruhe ta. Kak ki mance."

Aure ya kawo ni Tambuwal, kaka ta rasu, gidan ya zama kango. Bara ƙanena ya tashi gina na bulo a wurin, ya ɗauko ni a babur.

"Yaya, ke ɗai kinka rage. Gwada muna inda tsohuwar salgar nan take."

Na tsaya ina ta juyi kamar baƙuwa. An sare kurna, ba rumbu, ba turke, fili ne shafe. Na ce masa wallahi ban gane ba. Magini ya buga ƙafa, ya ce ƙasa ta yi ƙwari, suka zuba harsashi.

Yanzu gida ya tashi, har da siminti mai sheƙi, 'ya'yansa na birgima a kai. Tsoro nake ji, ba na ɓoyewa. Da hadari ya haɗo sai in kira shi a waya in ce ya fito da yaran zuwa zaure. Yana dariya, yana fito da su. Ban taɓa gaya masa ba, zauren ma ban san abin da ke ƙarƙashinsa ba.