Bindigar da Ta Fito daga Bangon Baba

Tun ina ƙarama akwai bango guda a gidanmu da Baba ba ya yarda kowa ya taɓa, na ɗakinsa ta gabas. Duk shekara kafin damina ana kiran magina su yi wa gida yaɓe, amma in aka zo nan sai ya naɗe hannun riga ya kwaɓa ƙasarsa da kansa. Har ya tsufa, hannu na rawa, bai bari ba. Na sha yi masa tsiya, ina cewa taurin kan tsohon soja ne, don ya tuƙa motar soja a yaƙin basasa tun ba a haife ni ba. Sai ya yi dariya ya ci gaba da shafa lakarsa.

Shekarar da kogi ya karya jinga ya shigo unguwarmu a Haɗeja, muka kwashe Baba zuwa gidana da ke kan tudu. Da ruwa ya ja, ni da ƙanena muka koma duba abin da ya rage. Bangon nan ya zauna. A cikin ɓaraguzansa muka ga ƙunshin tamfol ɗaure da waya. Ƙanena ya kwance, sai ga tsumma jiƙe da baƙin mai, a cikinsa wata gajeriyar bindiga, mummuna, kamar guntun bututun famfo da aka liƙa wa ƙafa, gidan harsashinta ya fito ta gefe. Na ja da baya. Na dubi ƙanena na ga murmushi yake yi.

Na san dalilin murmushin. Shi manomin shinkafa ne, gonarsa na fadama ta wajen Guri, 'ya'yansa huɗu. A shekarar ɓarayin shanu masu bindiga sun addabi wannan yanki, har injinan ban-ruwa suke kwashewa, wanda ya tsaya musu kuwa sai dai a ɗauko shi. Manoma suka haɗa 'yan sintiri, ƙanena ya ba da sunansa ba tare da ya shawarci kowa ba. Abin da suke da shi duka bai wuce bindigar toka biyu da gora da tocila ba.

Ya ce, "Yaya, kin ga ikon Allah? Ruwa ya ci mana gida, ya ba mu magani."

Na ce, "Maganin me? Mayar da ita inda ka gan ta kafin in saɓa maka."

Bai mayar ba. Ya cusa ta cikin buhu ya ɗaura a babur. Wai akwai maƙerin da ke gyara musu bindigogin toka, zai kankare tsatsar ya sa mata mai. A ganinsa bindiga bindiga ce, tunda dai ta soja ce ai ta fi ƙarfin ɓarawo.

Kwana uku ban zauna wuri guda ba. In ɗora tukunya in manta da ita, in fita ƙofar gida in dawo ban san abin da ya fitar da ni ba. Na ƙona tuwo sau biyu, na yi wa 'ya'yana faɗan da bai kamace su ba. Tsoro biyu ne suka saka ni a tsakiya: hukuma ta kama shi da ita, ko kuma ta ba shi zuciyar tsayawa a inda ya kamata ya gudu. Na biyun ya fi cina, don na san halin ƙanena, ko ba komai a hannunsa ba ya ja da baya. Ran na huɗu na daina rufa wa kowa asiri, na durƙusa gaban Baba na faɗa masa komai, har da cewa shi ya jawo mana. Na faɗi wannan da ƙarfi, kuma har yau ina jin kunyarsa.

Baba bai yi musu ba. Ya ce a kira masa yaron, ya zo da ita.

Da hantsi ƙanena ya zo, ya ajiye buhun a kan tabarma. Idon Baba ya riga ya yi rauni, amma da ya ɗora hannu a kanta sai yatsunsa suka bi ta ko'ina ba lalube. Ya cire gidan harsashin ya girgiza, wayam.

Ya ce, "Me za ka zuba mata?"

Ƙanena ya ce za a nemo.

"A ina? Harsashin ƙaramar bindigar hannu take ci, irin ta hafsoshi. Ba toka ba ce da maƙeri zai dama maka." Sannan ya ce, "Daga masussukarka zuwa bakin ciyawar kacalla, inda suke ɓullowa, taku nawa ne?"

Ƙanena ya ce zai kai ɗari huɗu.

Baba ya ce, "To wannan in ta wuce taku ɗari, addu'a kawai kake yi. An yi ta ne don faɗan lungu da cikin ɗaki, inda kana jin numfashin mutum. Mu direbobi aka ba mu ita saboda tana shiga gaban mota. Ko a lokacin, sojan da ke cikin ramin yaƙi doguwar bindiga yake so. Su waɗanda za ka tara me suke riƙewa?"

"AK, Baba."

"Ka gani. Ita ta kashe wa irin wannan kasuwa. Tana ruwan harsashi kamar wannan, ga ta da nisa, ga shi tana huda ƙofa da bangon ƙasa. Wa zai ɗauki biyu alhali guda ta isa? Kuma wannan ba ta son yashi, da ya shiga sai ta cije. In ta faɗi ƙasa kuwa, tashi take da kanta. A gabana ta faɗo daga kujerar mota ta cire wa abokina diddige. Za su ji ƙararta su san inda kake, su zauna can nesa su yi ta ɗauke ku ɗaya bayan ɗaya, kai kuwa kana ta harbin ruwa."

Ƙanena ya ce, "To me ya sa ka ajiye ta shekara da shekaru?"

Baba ya ce, "Wauta ta sa na taho da ita, tsoro ya hana ni mayarwa."

Wallahi daɗi ya kama ni. Na karɓe zancen, na yi ta zuba, na ce ka ji dai, ka ji daga bakin mai ita. Ban bari an kai azahar ba sai da na sa aka kai buhun wurin mai unguwa, aka yi masa bayanin tsufan Baba da yadda ruwa ya tono ta, ya ce zai miƙa wa hukuma ta hanyar da ta dace. Ƙanena ya hau babur ya tafi. Na koma gida na ci abinci har da ƙari, a zatona an kashe maganar sintiri ke nan.

Washegari da la'asar ina tankaɗe a tsakar gida na ji babur ya tsaya. Na leƙa, ƙanena ne, ya sa rigar sanyi, ya rataya tocila a wuya, ya ɗaure gora a bayan babur da igiyar roba.

Na ce, "Ina kuma za ka?"

Ya ce, "Yau mu ke da kwanan sintiri, Yaya."

"Ba ka ji abin da Baba ya ce ba?"

"Na ji. Cewa ya yi ba ta kaiwa. Bai ce shinkafata za ta tsare kanta ba." Ya shafa gorar, ya yi 'yar dariya. "Wannan dai ba ta cijewa. Ki leƙa min yaran da safe."

Na tsaya da rariya a hannu har ya sha kwana. Sannan na ja mayafi, ko takalmi ban daidaita ba, na nufi gidan mai unguwa ina sauri ina haki. Duk abin da Baba ya faɗa yana kaina, ban manta ko ɗaya ba, amma na tafi. Na same shi a zaure na ce ya taimake ni ya ba ni buhun jiya, ko tsoratarwa a yi da ita. Ya dube ni ya ce ai tun da safe aka zo daga hukuma aka tafi da shi.