Kwale-kwalen Sale Ya Dawo Shi Kaɗai

Kakarmu Iya Talatu ba 'yar birni ba ce. Daga wani ƙauye na bakin dam ɗin Tiga Baba ya ɗauko ta zuwa gidanmu na Gyaɗi-Gyaɗi, bayan ciwon ƙafa ya hana ta zuwa gona. In an idar da magariba takan zauna gaban murhu tana jiran tuwo ya turara, mu kewaye ta da 'ya'yan maƙwabta, ta yi ta zuba mana tatsuniya har a kira isha'i.

Wata rana ƙanwata Hadiza ta ce ita dai tana son shiga jirgin ruwa. Iya ta tura itace cikin wuta.

"Yau ba tatsuniya," in ji ta. "Ku matso ku ji abin da ya sami ƙanena Sale."

Sale shi ne mai fiton garinsu. Shi ke haye da mata kasuwa, shi ke kai marar lafiya asibitin ƙetare. Wata Laraba da damina ya sauke mutane a can, ya juyo shi kaɗai, sai hadari ya taso. Washegari masunta suka tsinci kwale-kwalen cikin ciyawar gaɓa, ko kifewa bai yi ba. Babu Sale.

Kwana tara ana nema. Masu nutso suka shiga har idanunsu suka yi ja, aka ja koma daga wannan gaɓa zuwa waccan. Mata na tsaye a bakin ruwa da goyo, an manta da girki. Rana ta goma matarsa Binta ta durƙusa gaban liman.

"Ta ce, 'Malam, in shiga takaba ko in jira shi?' Wallahi liman kansa sai da ya share hawaye. Ya ce ta jira," in ji Iya.

Babu wanda ya yarda ya hau jirgin a daminar nan. Da naƙuda ta yi wa wata maƙwabciyarsu tsanani, a amalanke aka zagaya da ita ta tudu, ta cika a hanya.

"Innarmu kuwa har ta koma ga Allah ba ta bari an ce marigayi a gabanta ba," in ji Iya. Ta sauke tukunya. Ranar babu wanda ya nemi ƙari.

Na daɗe ina zaton tsorata mu ta yi don kada mu kusanci ruwa. Sai ranar da muka kai ta maƙabartar Tarauni, ina magidanci. Da hannuna na zuba ƙasa, ina kuka, amma na san inda take, na san inda zan dawo in yi mata addu'a. A nan na gane ashe kabari ma rahama ne ga waɗanda aka bari. Iya ta rayu ta tsufa ba ta sami inda za ta tsaya ta yi wa ƙanenta sallama ba.